Baƙin dutsen cocin East Meon: me ya kawo shi ƙauye, me kuma ake yi da shi?

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni 'yar Zariya ce, ina karatun aikin jinya a kudancin Ingila. Wata abokiyar karatuna ta kai ni wani ƙauye da ake kira East Meon, muka shiga tsohon cocinsu. A ciki na ga wani baƙin dutse mai kusurwa huɗu, an rarake cikinsa kamar ƙaton turmi, an ɗora shi kan ginshiƙai, jikinsa duk sassaƙen mutane da tsuntsaye da wasu dabbobi masu ban tsoro. Ta ce min wurin yi wa jarirai baftisma ne, wai ya haura shekara 800. Ni dai a gida na san maƙwabtanmu Kiristoci rafi suke zuwa baftisma, kuma manya ake yi wa. Me jariri zai yi da dutse mai wannan girman? Me ya sa baƙi ne, alhali ƙasar wurin fara ce fat? Anya ba wurin tsafin mutanen dā ba ne aka shigo da shi coci? Allah ya ƙara basira.

AMSA

Amin, 'yata. Abokiyarki gaskiya ta gaya miki. Daron baftisma ne, kuma don wannan aikin aka sassaƙa shi tun ranar farko, tsakanin wajen 1130 da 1150. A Ingila ma ba a yi shi ba. Daga garin Tournai ya zo, cikin ƙasar da yau ake kira Beljiyam, kuma irinsa cikakku guda bakwai ne kacal a duk Ingila. Kin yi sa'a, domin da yawa daga masu karatun tarihin gine-gine a hoto kawai suka san shi.

Bari in fara kawar da zargin tsafi. Tunanin naki yana da tushe. Akwai coci-coci a Ingila da suka ɗauki tsoffin duwatsun Romawa suka fafe, suka mai da su daron baftisma. Na Wroxeter gindin ginshiƙin wani ginin Romawa ne, na tsohon cocin Haydon da ke can arewa kuwa bagadin hadayar Romawa ne aka rarake. Na East Meon dai ba ya cikin waɗannan. Lokacin da aka yi shi, mutanen yankin sun haura shekara 400 da karɓar Kiristanci, labarin da ke jikinsa kuma daga Littafin Farawa aka ɗauko shi. Dodannin da suka ba ki tsoro adon zamanin ne. Magina na ƙarni na 12 ba sa iya ganin fili a jikin dutse su bar shi haka nan, sai sun cika shi da zakuna da macizai masu fukafukai, a kan ƙofa, a kan ginshiƙi, har ƙarƙashin rufi inda ba mai gani sai tattabara.

Maganar girma ita ce mai tsawo, sai mun koma baya. Maƙwabtanku masu zuwa rafi, wataƙila 'yan ECWA ne ko Baptist, suna riƙe ne da cewa a Kogin Urdun Yohanna ya yi wa Yesu baftisma, kuma a ganinsu sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Kiristocin farko ma a ruwa mai gudu suka fi yi. Da suka fara samun gine-gine sai suka keɓe ɗaki don wannan aiki. Mafi tsufa da aka tono shi ne na Dura-Europos a Siriya, na wajen shekara ta 240. A Tunisiya akwai ƙananan tafkuna da aka haƙa cikin daɓe, da matakala, babban mutum ya sauka ya shiga ruwa; na Sbeitla yana nan a wurinsa, na Kelibia kuma an ɗauke shi zuwa gidan tarihi na Bardo. A Ingila ma an yi a kogi: tarihin da malamin nan Bede ya rubuta ya nuna Bishop Paulinus yana yi wa jama'a baftisma a kogunan Glen da Swale bayan shekara ta 627.

To, da ƙasa gaba ɗaya ta zama ta Kirista, sai manyan da za a yi wa baftisma suka ƙare. Saura jarirai, su kuwa kullum haihuwarsu ake yi. Jariri ba ya sauka matakala. Abin da limamin coci ke bukata shi ne mazubi da ya kawo masa ƙugu, wanda zai tsaya gabansa ya riƙe ɗan mutane da hannu biyu ba tare da ya sunkuya har ƙasa ba. Haka tafkin ya taso daga cikin daɓe ya hau kan gindi. Zurfin kuwa bai tafi ba, domin har lokacin tsoma jariri ake yi ɗungurungum, tsirara, ba yayyafi ba. Ki auna jaririn kwana biyu da idonki na ma'aikaciyar jinya, ki ƙara wurin hannayen mai riƙe shi, za ki ga girman ramin bai wuce kima ba.

Kuma gaggawa ake yi. Sarki Ine na Wessex, wanda Hampshire, lardin da East Meon take, ke cikin mulkinsa, ya kafa doka wajen ƙarshen ƙarni na 7 cewa a yi wa kowane jariri baftisma cikin kwana 30, wanda ya ƙi ya biya tarar sule 30, idan kuwa yaron ya mutu ba a yi masa ba, uban ya rasa duk abin da ya mallaka. A zamanin da aka sassaƙa dutsen nan ba a ma jira haka: ranar haihuwa ko kashegari ake kai yaro. Jarirai na mutuwa da yawa, mutane kuma sun gaskata wanda ya tafi ba baftisma ba zai ga fuskar Allah ba. Shi ya sa aka koya wa ungozomomi kalmomin da ake faɗa, idan suka ga yaro ba zai kai coci ba su yi masa a ɗaki da ruwan da ke kusa.

Ga yadda ake yi a kudancin Ingila a ƙarnukan da suka biyo baya, bisa tsarin ibada na Salisbury. Uwa tana gida tana jego, ba za ta taka coci ba sai bayan kwana arba'in. Ungozoma ce ke ɗauko yaro, tare da iyayen baftisma: idan namiji ne maza biyu da mace ɗaya, idan mace ce mata biyu da namiji ɗaya. A bakin ƙofa ake tsayawa tukuna, ba a shiga. Limami ya tambayi suna, ya yi wa yaro alamar gicciye a goshi, ya sa masa ɗan gishiri a baki, ya yi addu'ar korar Shaiɗan. Sannan a shigo wurin daron. Iyayen baftisma su amsa a madadin yaro cewa ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, a shafa masa mai a ƙirji da baya, a tsoma shi sau uku, ɓarin nan, ɓarin can, sannan fuska ƙasa. A shafa wani man a ka, a naɗe shi da farin ƙyalle, a kunna kyandir. Sunan da ya fita da shi galibi na ɗaya daga iyayen baftismar ne, kuma daga ranar an ƙulla zumuntar da coci ke ɗauka kamar ta jini, har tana hana aure tsakanin gidajen.

Wannan tsari shi ya sa a yawancin tsoffin coci-coci za ki iske daron yana ta yamma, kusa da ƙofar shiga, bagadi kuwa yana can gabas. Yaro ya fara daga waje, ya bi ta ruwa, sannan ya sami hanyar zuwa gaba. Har yau dokar Cocin Ingila tana cewa a ajiye shi kusa da babbar ƙofa gwargwadon hali, kuma Anglikan ɗin da ƙungiyar mishan ta CMS ta kafa a ƙasarmu, irin na Wusasa da ke kusa da ku, wannan al'adar ta yi wa jarirai baftisma suka gada.

Akwai kuma maganar girma ta wata fuskar, wato martaba. Ba kowane ɗakin ibada ke da izinin yin baftisma ba. A dā manyan coci-coci ne ke riƙe da wannan iko, da na binne gawa, da ushirin da ke biyo bayansu. Ƙauyen da ya sami daron kansa ya zama ikilisiya mai cin gashin kanta. Tsakanin ƙarni na 11 da na 12 ne aka yanka Ingila gunduma-gunduma ta coci, aka rushe ɗakunan katako aka yi na dutse, shi ya sa daruka na wannan zamani suka cika ƙasar, ɗaruruwa. East Meon uwa ce ga na kewaye da ita. Froxfield da Steep sun daɗe suna ƙarƙashinta. Wurin da ake kawo 'ya'yan garuruwa da yawa ba a sa masa ƙaramin abu.

Yanzu ga ɓangaren da ni ya fi burge ni, kuma masu yawon buɗe ido sukan wuce shi, wato ruwan kansa. Ba a ɗebo shi ranar da ake bukata ba. A daren jajibirin bikin Ista da na bikin Fentikos ake yi masa babbar addu'a, a zuba masa mai mai tsarki, a tsoma kyandir, sannan a bar shi cikin daron. Dutse kuwa yana shan ruwa, musamman irin farin dutse mai laushi da yawancin ƙauyukan Ingila ke da shi. Sai aka riƙa shimfiɗa dalma a ciki, a lanƙwaso ta har bakin. A tsakiyar ƙasan ramin kuma akwai huda da toshi, ta bi ta cikin gindin har ƙasa, domin ruwan da aka tsarkake ba a watsa shi a titi, sai ya nutse cikin ƙasar coci. Akwai ma daruka wajen 30 a Ingila da dalma ce zalla aka narka aka zuba, kamar na Brookland a Kent, wanda ke ɗauke da taurarin watanni goma sha biyu da aikin gonar kowane wata.

Ruwan da aka yi wa addu'a, yana zaune a ɗakin da ba kowa, ai kin san abin da zai faru. Mutane suka riƙa ɗiba, wani don mara lafiya, wani don dabbarsa, wani don abin da ba a faɗa. Sai shugabannin coci suka sa doka. Ta fito cikin dokokin Bishop Richard Poore na Salisbury wajen 1217 zuwa 1219, an kuma fi saninta da dokar 1236 da ake dangantawa da Edmund, babban bishop na Canterbury: a yi wa kowane daro murfi, a sa kwaɗo, saboda masu sihiri, kuma ruwan da aka riga aka tsoma yaro ciki kada ya wuce kwana bakwai. Daruka da yawa sun girmi dokar, don haka aka huda bakinsu aka kafa ƙarafan saƙala kwaɗo. Ƙarfe cikin dutse yana tsatsa, tsatsa tana kumbura, dutse ya tsage. Daga baya da aka daina kullewa, sai aka ɓamɓare ƙarafan da ƙarfi. Idan kin shiga wani tsohon coci kika ga bakin daro ya ɓalle a wuri biyu masu fuskantar juna, ko an cike gurbin da sabon dutse, sawun wannan dokar kike kallo. Ni a wurina irin wannan tabo ya fi sassaƙen ba da labari. Sassaƙe yana nuna abin da manya ke so a gaskata, tabon kwaɗo kuwa yana tona abin da talakawa ke yi idan limami ya juya baya.

Sai baƙin. Idonki ya gani daidai: East Meon tana cikin tsaunukan alli na South Downs, inda dutsen gini sai alli da dutsen ƙyastu, ba ɗayansu da za a yi irin wannan aiki da shi. Dutsen Tournai ana ce masa mabul, amma a ilimin duwatsu irin dutsen nan ne da ake ƙonawa a yi farar ƙasa da siminti, sai dai shi mai tauri ne, mai duhu, ya kwanta a ƙarƙashin teku sama da shekara miliyan 340 da suka wuce. Daga rami launinsa toka-toka ne mai shuɗi-shuɗi. Sai an goge shi an shafa masa kaki ko mai yake yin baƙi wuluk yana sheƙi. Tournai tana bakin Kogin Scheldt, wanda ya bi ta Ghent da Antwerp ya faɗa teku. A can kusa da ramukan ake sassaƙa kayan a gama, da daruka da duwatsun kabari da ginshiƙai, a loda a jirgin ruwa. Wannan ne ya sa na East Meon ya yi kama da na Zedelgem da na Dendermonde a Beljiyam fiye da yadda ya yi kama da na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi: murabba'i mai faɗin wajen mita guda, rami zagayayye a tsakiya, ginshiƙi ɗaya mai kauri a ƙasa da ƙananan ginshiƙai huɗu a kusurwoyi.

Ki duba inda bakwai ɗin suke. Huɗu a Hampshire: babban cocin Winchester, cocin St Michael a Southampton, St Mary Bourne, da East Meon. Biyu a Lincolnshire: babban cocin Lincoln da ƙauyen Thornton Curtis kusa da mashigar Humber. Ɗaya a cocin St Peter na Ipswich. Duk gabas da kudu, galibi kusa da inda jirgi ke iya zuwa. Hanyar ulu ce. Ingila na kiwon tumaki, masaƙan Flanders, wato arewacin Beljiyam ta yau, a Ghent da Ypres da Bruges na sayen gashin, jiragen da suka kai ulu kuwa ba sa son dawowa fayau.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Jirgi na iya kawo dutse Southampton, sai dai wani ne zai biya, ya kuma sa a ja shi da shanu a kan tsaunuka har cikin ƙauye. East Meon gandun bishop-bishop na Winchester ce, ɗaya daga manyan gandayensu. Gidan zaman shari'arsu, wanda Bishop William na Wykeham ya sake ginawa a shekarun 1390, yana nan daura da cocin. Wanda ke kan kujerar Winchester daga 1129 zuwa 1171 shi ne Henry na Blois, jikan William da ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙanin Sarki Stephen. A gidan ibadar Cluny da ke Faransa ya tashi, ya riƙe gidan ibadar Glastonbury tun 1126 ya haɗa da bishop, dukiya ta taru masa ta kowace fuska. Mutum ne mai son abu mai kyau da tsada, har a Roma ya sayi tsoffin mutum-mutumi ya kawo gida, mutanen zamaninsa na yi masa dariya. Ganin huɗu daga cikin bakwai suna cikin yankin ikonsa, kuma shekarunsu sun yi daidai da nasa, masana suka jingina su gare shi. Ni ma na karkata ga haka. Sai dai ki riƙe shi a matsayin hasashe mai ƙarfi da aka gina kan alamu. 'Yan littattafan da ake sayarwa a bakin ƙofar coci suna da halin mai da "wataƙila" ta zama "tabbas".

Shekarun ma ta haka aka san su. Ba a rubuta kwanan wata a jiki ba. Ana duba salon ne: bakan gini zagayayye maimakon mai tsini, yadda aka yi tufafi da idanu, da kwatanta shi da 'yan'uwansa. Masassaƙan ba su bar suna ba, kamar yawancin takwarorinsu. Daron Bridekirk da ke Cumbria na cikin 'yan kaɗan da suka saɓa, inda wani Richard ya rubuta cewa shi ya yi, har ya sassaƙa kansa riƙe da guduma yana aiki.

Sassaƙen da kika gani, fuska biyu labari ne, fuska biyu ado. A ɗaya ga Mahalicci yana halittar Adamu, ga Hauwa'u ana fitar da ita daga haƙarƙarinsa, ga maciji a jikin itace yana miƙa 'ya'yan, ga su suna ci. A ɗayar ga Aljanna an yi ta kamar babban gini mai bakuna da hasumiya, mala'ika da takobi yana kora su, sannan wani mala'ika riƙe da shebur yana nuna wa Adamu yadda ake haƙa ƙasa, Hauwa'u kuma ta sa sutura tana kaɗi. Sauran biyun jerin ginshiƙai ne da bakuna, a samansu tsuntsaye da dabbobi na bin juna.

Me ya haɗa Adamu da jaririn kwana ɗaya? Nan ne tushen abin yake, nan ne kuma Musulunci da Kiristancin Yamma suka raba hanya. Musulmi ya yi imani Annabi Adamu ya tuba an yafe masa, kowane yaro kuma ana haihuwarsa da tsarkin asali. Cocin Yamma kuwa ta bi koyarwar malamin coci Augustine, ɗan arewacin Afirka, haifaffen garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, wanda aka yi wa baftisma a Milan a 387. Ya gina kan wasiƙun Bulus cewa laifin Adamu ya gangaro kan zuriyarsa duka, baftisma ce ke wanke shi. Saboda haka masassaƙin ya zana cutar a jikin mazubin maganin. Wanda ya tsaya riƙe da jariri yana kallon yadda aka rufe ƙofar Aljanna, a daidai wurin da ya gaskata ana sake buɗe ta. Shebur da mazari kuma ba baƙin abu ba ne ga mutanen East Meon, aikinsu ne na kullum.

An cika cewa irin wannan sassaƙe shi ne littafin waɗanda ba su iya karatu ba. Ban cika yarda ba. Wanda bai taɓa jin labarin ba, ba zai gane shi daga baƙin dutse cikin coci mai ƙananan tagogi ba. Tunatarwa ce ga wanda ya riga ya ji, nuna isa ce kuma ga wanda ya saya. Na Winchester ma ai labarin Nicholas mai tsarki aka yi masa, wanda matuƙan jirgi da 'yan kasuwa ke girmamawa.

Yayin dutsen Tournai bai daɗe ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 12 Ingila ta koma kan nata dutse mai sheƙi na Purbeck a Dorset. Daga baya daruka suka koma masu kusurwa takwas, a ƙarni na 15 kuma Norfolk da Suffolk suka yi wajen 40 masu ɗauke da hotunan ibadu bakwai na coci, da fenti, da murafan katako masu tsini. Murfin daron Ufford ya haura mita biyar.

Idan surar Mahalicci da aka sassaƙa a dutse ta sa kika ji wani iri, ki sani akwai Kiristocin Ingila da suka fi ki jin haka. Bayan Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, littafin addu'a na 1552 ya cire man shafawa da farin ƙyalle da korar Shaiɗan, ya yarda a zuba ruwa kawai idan yaro ba shi da ƙarfi. A hankali kowane yaro ya zama mara ƙarfi, tsomawa ta mutu. A yaƙin basasar shekarun 1640 masu tsattsauran ra'ayi suka bi coci-coci da guduma. William Dowsing ya zaga Suffolk da Cambridgeshire a 1643 da 1644 yana farfasa hotuna, yana rubuta abin da ya fasa a kundinsa. A 1645 majalisa ta kawo tsarin ibada da ya ƙi tsoffin daruka da wurin da suke, aka koma ƙaramin kwano kusa da mumbari. Mutanen East Meon suna ba da labari cewa sojojin majalisa da suka yada zango kusa da su kafin yaƙin Cheriton na Maris 1644 sun ɓamɓare dalmar cikin daron sun narka sun yi harsashi. Labarin gari ne, amma ya yi daidai da halin lokacin. Da sarauta ta dawo a 1660 aka shiga mayar da abin da aka fitar, shi ya sa za ki ga daruka masu ɗauke da 1661 ko 1662.

Da yawa sun sha wuya ko da ba yaƙi. A ƙarni na 18 an fitar da wasu don sun tsufa, suka ƙare a gonaki ana shayar da dabbobi, ko a lambu ana shuka fure. Na Deerhurst, na ƙarni na 9, ɗaya daga mafi tsufa a ƙasar, a wata gona aka tsinto shi a ƙarni na 19 kafin ya koma gida. Duk da haka, sau da yawa daron shi ne abu mafi tsufa a cikin coci, har ya girmi bangon da ke kewaye da shi. Nauyi na daga cikin dalili. Ɗaya dalilin kuwa, mutane na iya yarda a rushe bango a faɗaɗa, amma wurin da aka tsoma su da iyayensu da kakanninsu ba sa sakinsa da sauƙi. Tun 1538, da Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry, ya sa kowace ikilisiya ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, sunayen waɗanda suka bi ta irin wannan dutse suka fara shiga takarda. Na shekaru 400 kafin nan ba wanda ya rubuta.

Har yanzu ana baftisma a irin waɗannan daruka, sai dai yau limami kan ɗebi ruwa ne ya zuba a goshi sau uku, a wurare da yawa ma ƙaramin kwano ake sakawa cikin ramin. Ba a matsar da su ko a yi musu gyara sai da izinin kotun coci.

Idan kin sami hutu, ki koma da fitilar wayarki, ki haska daga gefe maimakon gaba, sawun ƙarfen sassaƙa zai fito. Kada ki goga hannu a jikin hotunan, gumi da maiƙon hannu na cin dutse. Ki dubi baki, ki dubi inda kwanon ya haɗu da gindi, domin a coci-coci da yawa gindin sabo ne, na gyaran ƙarni na 19. Sannan ki je Winchester ki ga na babban coci, ki wuce St Mary Bourne kusa da Andover, inda aka bar mutane aka yi inabi da tsuntsaye suna shan ruwa. Na Southampton yana tsakiyar tsohon gari, tafiyar ƙafa daga tashar jirgin ƙasa. Coci-cocin ƙauye galibi a buɗe suke da rana, ba a tambayar addinin mai shiga, sai dai ki kauce wa safiyar Lahadi idan kina son ki duba a tsanake.